Yadda Ake Bibiyar Sauyin Ciyayi a Makiyaya da Hoton Zagaye

Duk inda aka zauna maganar makiyaya a arewacin Najeriya ko kudancin Nijar, da wuya a tashi ba a yi musu a kan abu guda ba, wato ko dajin lalacewa yake yi ko farfaɗowa. Dattijon makiyayi zai ce a da gamba tana ɓoye saniya a wurin da yanzu ko akuya ba ta ɓuya, ma'aikaci kuma ya buɗe taswirar tauraron ɗan Adam ya nuna wurin kore shar a watan Satumba. Abin da ke sa musun ya ƙi ƙarewa shi ne kowannensu yana iya zama da gaskiya. Tauraron Sentinel-2, wanda ya fara aiki a 2015, yana ganin ƙasa ne a ɗigo-ɗigo masu faɗin mita 10, Landsat kuma mita 30, kuma yawan kore ne aka fi aunawa da su. Ba sa bambanta kyasuwa da dabba ke so daga garmani, wanda ya mamaye makiyayu da burtaloli masu yawa a kudancin Nijar alhali dabbobi ba su cika kula shi ba. Abin da ke raba gardamar shi ne hoton da aka ɗauka a ƙasa, daga wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, aka kuma maimaita shi shekaru a jere.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A makiyayar gwaji ta Santa Rita da ke jihar Arizona a Amurka, akwai wuraren da aka fara ɗauka hoto tun 1902 kuma ake komawa kansu har yau, kuma hotunan sun nuna ƙarara yadda wata bishiya mai ƙaya ta dangin Prosopis ta cinye filayen da a farkon ƙarni na 20 ciyawa ce zalla. 'Yar'uwar wannan bishiya ce ta cika wasu sassan gaɓar Tafkin Chadi a yankin Difa. Abin da hoton zagaye ya ƙara a kan hoto na yau da kullum shi ne yana kama kowace fuska, gabas da yamma, kudu da arewa, a shimfiɗe ɗaya. Mai ɗaukar hoto guda yakan juya inda idonsa ya ja shi, sauyi kuwa sau da yawa ta bayansa yake zuwa: gonar da ke shigowa burtali kunya-kunya, ko kwazazzabon da ke cin ƙasa daga gefe.

Mataki na farko: a san abin da ake nema, a kuma nemi yardar masu wurin

Kafin a sayi ko rodi ɗaya, a rubuta tambayar da ake son hotunan su amsa, domin ita ce za ta faɗi inda za a kafa tasha, wato wurin da za a riƙa tsayawa ana ɗaukar hoton. Wanda yake son ya san illar sabuwar rijiyar burtsatse a kan ciyawar kewayenta ba zai zaɓi wurare irin na wanda yake bibiyar filin da aka yi wa ramukan rabin wata aka watsa irin ciyawa ba, haka nan mai lura da faɗin burtali aikinsa daban ne.

Daga nan sai a je wurin hakimi ko dagaci, a je wurin arɗo, a kuma sanar da ofishin kula da dabbobi ko gandun daji na yankin; a Nijar a haɗa da kwamitin harkokin filaye na gundumar. Wannan mataki ba gaisuwa kawai ba ce. Baƙon da ya kafa na'ura mai ƙafa uku a tsakiyar daji yana juyawa da kamara zai jawo zargi iri-iri, daga shirin ƙwace fili zuwa ƙidayar shanu, kuma mutanen da iyayensu suka biya jangali ba sa wasa da maganar ƙidaya. A faɗa a fili cewa ciyawa da itatuwa ake ɗauka, ba za a ɗauki ruga ko iyali ko garke ba sai da izini, a kuma cika alkawarin. A wuraren da tsaro ya taɓarɓare, shawarar mutanen gari a kan inda za a iya zuwa da lokacin da za a je ita ce gaba da duk wani tsari da aka zana a ofis.

Mataki na biyu: zaɓen tashoshi

Kuskuren da aka fi yi shi ne jera tashoshi a bakin hanyar mota saboda sauƙin zuwa. Gefen hanya yana samun ruwan da ke gangarowa daga titi, yana shan ƙura da takun dabbobi, saboda haka ba ya wakiltar dajin da ke ciki. A shiga aƙalla mita 100 daga hanya. A raba makiyayar gwargwadon irin ƙasarta, jigawa daban, fadama daban, fako da tudu mai tsakuwa daban, a sa tasha biyu ko uku a kowane iri, domin tasha ɗaya tak ba ta isa a ce komai a kan fili mai faɗi ba.

Idan mashaya ce abin lura, a jera tashoshin a layi ɗaya suna nisanta daga rijiyar, misali a mita 200, da mita 500, da kilomita 1, da 2, da 5. Kusa da rijiya ƙasa takan zama fili tas saboda taku da kashin dabbobi, sai tsidau da tumfafiya su biyo baya, sannan ciyawar kirki ta fara bayyana can da nisa. Abin da ake so a gani shi ne ko wannan da'ira ta lalacewa tana faɗaɗa ne shekara bayan shekara ko ta tsaya. Yana da kyau ƙwarai a samu tasha ɗaya a wurin da dabbobi ba su cika shiga ba, kamar filin da aka killace ko wani lungu mai nisa da ruwa, saboda ita ce za ta nuna abin da damina kaɗai ta yi ba tare da kiwo ba. A gandu babba irin na Kachiya a jihar Kaduna, ko kewayen Gadabeji a jihar Maraɗi, tashoshi 15 zuwa 20 da ake iya komawa kansu kowace shekara sun fi 60 da za a yi watsi da su bayan shekara biyu.

Kada a kafa tasha a gindin bishiya ko a jikin sabara mai tasowa, domin cikin 'yan shekaru reshe zai rufe rabin hoton.

Mataki na uku: kafa alamar da ba ta gushewa

Darajar aikin gaba ɗaya tana kan komawa daidai wurin da aka tsaya a karon farko. Na'urar GPS ta wayar hannu tana iya kaucewa da mita 3 zuwa 5, wani lokaci fiye, kuma wannan tazara ta isa ta sa bishiyar da ke dama da tudu ta koma hagu da shi. Aikin GPS shi ne ya kai mutum kusa, alamar ƙasa ce ke nuna masa ainihin wurin. A haƙa rami mai zurfin kamar santimita 40, a kafa guntun rodi a ciki, a zuba kankare, a bar kan rodin ya fito da santimita 2 ko 3 kawai, a rubuta lambar tashar a jikin simintin tun yana ɗanye. Doguwar alama tana jawo ido, shanu su yi susa da ita, masu neman ƙarfe su tumɓuke ta, turken itace kuwa gara da gobarar daji ba za su bar shi ya shekara biyu ba.

Saboda ko kankare yana iya ɓacewa a ƙarƙashin yashi, a auna nisan alamar daga abubuwa uku masu dawwama, kamar tsohuwar aduwa, dutse, ko bakin rijiya, a rubuta nisan da fuskar kowannensu a littafin aiki tare da ɗan zane. A kafa ƙaramar alama ta biyu mita 10 arewa da ta farko, wadda za ta zama mafarin kowane zagaye. Lokacin gano arewa da kamfas a ja baya kaɗan daga rodin da sauran kayan ƙarfe, domin ƙarfe yana karkatar da allurar.

Mataki na huɗu: kayan aiki da lokacin fita

Ba sai da kamara mai tsada ba. Wayar hannu mai kamara mai kyau ta wadatar, muddin za a ɗora ta a kan ƙafa uku mai kan da ke juyawa, zai fi kyau idan an zana digiri a jikinsa. Ana bukatar ƙaramin lebur irin na magina, igiya mai ɗan nauyi a ƙarshenta don saita tsakiya, tef ɗin awo, sanda mai tsawon mita 2 da aka yi wa fenti ja da fari a kowace santimita 20, ƙaramin allo da alli, da firam mai faɗin mita ɗaya a kowane gefe, na katako ko na bututun roba.

Sau biyu a shekara ya isa. Na farko a ƙarshen damina, wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da ciyawa ta gama girma ta fitar da kai kuma ana iya gane irinta; na biyu a ƙarshen rani, Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da ake ganin abin da ya rage wa dabbobi da kuma yawan ƙasar da ta tsiraita kafin iskar farkon damina. A riƙa komawa kowace shekara a makon da aka fara, kada tazarar ta wuce kwana goma. A guji watannin hunturu, saboda hazo yana shafe duk abin da ya wuce 'yan ɗaruruwan mita. Game da sa'a kuwa, tunda hoton zai kalli kowace fuska, da safe ko da yamma dole wani ɓangare ya fuskanci rana ya yi duhu, inuwar itatuwa kuma ta miƙe ta rufe ƙasa. Tsakanin ƙarfe 10 da rabi na safe zuwa 1 na rana ya fi dacewa, duk da zafin da mai aikin zai sha.

Mataki na biyar: ɗaukar zagayen

A kafa ƙafa ukun a kan alamar, a saki igiyar daga ƙarƙashin kamara har nauyin ya tsaya daidai kan rodin. A auna tsawon idon kamara daga ƙasa, a tsayar da shi a mita 1.5, a rubuta, kuma kada a sauya wannan tsawo har abada, ko da wanda ya gaji aikin ya fi tsawo ko gajarta. A duba lebur ta fuska biyu, domin kamarar da ta karkata kaɗan takan fitar da sararin sama mai lanƙwasa idan an haɗa hotunan.

Saitin kamara shi ne inda aka fi yin asara ba tare da an sani ba. Idan an bar ta tana zaɓar haske da launi da kanta, kowane hoto a cikin zagayen zai fito da nasa hasken, ciyawa ɗaya ta yi kore a wannan, ta yi rawaya a na kusa da shi. A kulle haske, a kulle launi a kan saitin hasken rana, a kulle nisan gani, kada a taɓa zuƙowa. A yawancin wayoyi, danna allo a riƙe na ɗan lokaci yana kulle haske da nisan gani tare. A kashe duk wani tsarin ƙawata hoto, saboda irin waɗannan tsare-tsare suna ƙara wa ganye kore da babu shi. Tsarin fanorama da ke cikin waya, wanda ake jan hannu a hankali, bai dace da wannan aiki ba, domin yana matse wasu wurare ya miƙe wasu, kuma ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu.

Hoto na farko na allo ne, ɗauke da lambar tasha da kwanan wata da sa'a. Daga nan mataimaki ya tsayar da sandar awo a kan alamar arewa, ya fice daga gaban kamara, a ɗauki hoton farko na zagayen sandar tana tsakiya. A tsayar da wayar a tsaye, ba a kwance ba, don ta kama ƙasan kusa da kuma kan itatuwa, a bar sama ta ci kashi ɗaya cikin uku na hoton kawai. Sai a juya zuwa dama digiri 30, a ɗauka, a sake juyawa, har hotuna 12 su cika zagaye. Babbar kamarar yawancin wayoyi tana ganin kusan digiri 50 idan tana tsaye, saboda haka kowane hoto zai hau kan na gabansa da fiye da kashi ɗaya cikin uku, wanda shi ne abin da manhajar haɗawa ke bukata. A yi amfani da agogon jinkiri na daƙiƙa biyu don kada taɓawar hannu ta girgiza hoton.

Akwai abu ɗaya da ya cancanci a gwada shi a gida kafin a fita. Kamara tana bukatar ta juya a kan idonta, ba a kan gindinta ko gefenta ba. A kafa sanduna biyu a layi, ɗaya a mita 2, ɗaya a mita 10, yadda ta kusa za ta rufe ta nesa, sannan a juya kamarar dama da hagu. Idan ta nesa ta leƙo daga bayan ta kusa, idon bai zauna a tsakiyar juyawa ba, sai a matsar da wayar a cikin maƙalinta har sandunan su daina rabuwa, a yi wa wurin alama da fenti. Idan ba a yi haka ba, ciyawar da ke gaban kamara, wadda ita ce mafi amfani a hoton, za ta fito a kakkarye a wuraren haɗi.

Mataki na shida: kallon ƙasa daga sama da auna ciyawa

Hoton zagaye yana da iyakar da ya kamata a sani. Da yake daga gefe yake kallo, ciyawar gaba tana rufe tsiraicin ƙasar da ke bayanta, fili mai ciyawa jefi-jefi ya yi kama da cikakke daga nesa. Saboda haka ba a ƙiyasta yawan ƙasar da ciyawa ta rufe daga gare shi. Don wannan, a aza firam ɗin mita ɗaya a wurare huɗu tabbatattu, mita 5 daga alama ta kowace fuska, a ɗauki hotonsa daga sama kai tsaye, inuwar mai ɗauka tana waje. A kwamfuta a shimfiɗa ɗigo 100 a kan hoton, a ƙirga nawa suka faɗa kan ciyawa mai rai, nawa kan busasshen ganye, nawa kan ƙasa tsirara. Akwai manhajar kyauta mai suna SamplePoint da aka yi don wannan ƙidaya.

A ƙarshen damina a ƙara da yankan ciyawa, amma a wajen da'irar da hoton ke kamawa da kyau, kada a aske wurin da ake bibiya. A yanke duk abin da ke cikin mita ɗaya, a shanya har nauyinsa ya daina raguwa, a auna. Kowane giram ɗaya a mita ɗaya daidai yake da kilo 10 a hekta, wato giram 90 na nufin kilo 900. Ma'aunin da ake amfani da shi a ƙasashen Sahel shi ne dabba mai nauyin kilo 250 tana cin kilo 6.25 na busasshiyar ciyawa a rana, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na ciyawar ƙarshen damina ne kawai ke shiga cikin dabba, sauran taku da gara da iska su tafi da shi. A wannan lissafi, hekta mai kilo 900 za ta riƙe saniya ɗaya kwana 48.

Mataki na bakwai: haɗawa da adanawa

A haɗa hotunan 12 da manhaja irin Hugin, wadda kyauta ce, ko PTGui da ake saya. A zaɓi shimfiɗa iri ɗaya kowace shekara, a sa sandar arewa a wuri ɗaya, a yanke hoton a faɗi da tsawo ɗaya, don idan an jera na bana a ƙarƙashin na bara kowace bishiya ta faɗa kan 'yar'uwarta. Kada a gyara launi, kuma kada a goge hotunan asali bayan an haɗa. Sunan kowane fayil ya ƙunshi lambar tasha da shekara da wata da rana da lambar hoto. A ajiye kwafi a wuri uku, ɗaya daga ciki ba a ofishin ba, a kuma buga na kowace shekara a takarda tare da zanen wurin, saboda ayyuka irin wannan sun fi mutuwa ranar da aka yi wa ma'aikaci sauyin wurin aiki ya tafi da kwamfutarsa.

Mataki na takwas: karanta abin da hotunan ke faɗi

Nan ne ake bukatar haƙuri. Yawancin ciyawar Sahel, irin su ƙarangiya da burburwa da kyasuwa, daga iri suke tsirowa kowace damina, kuma yawansu yana hawa da sauka gwargwadon ruwan shekarar da yadda ya rarrabu. Filin da ya yi fari fat bana yana iya cika da ciyawa baɗi, kamar yadda wurare da yawa da aka yanke wa ƙauna bayan farin 1973 da na 1984 suka sake tsirowa da ruwa ya dawo. Saboda haka bambancin shekara biyu ba hujja ba ce ta lalacewa. A sa ma'aunin ruwan sama a ƙauye mafi kusa, wani amintacce ya riƙa rubutawa, kuma a kowace ziyara a rubuta ko wuta ta ci wurin, ko fara ta sauka, ko baƙin garkuna sun yada zango a kusa. Sai an tara shekaru biyar kafin a fara magana da ƙarfin gwiwa.

Alamun da suka fi gaskiya su ne masu tafiya a hankali. A raba hoton gida 12, a ƙirga itatuwan da ke cikin mita 50 a kowane gida, a lura da waɗanda aka sassare ko suka bushe, sannan a nemi ƙananan da ke tasowa, domin dajin da ke da manyan aduwa da bagaruwa amma babu 'ya'yansu a ƙasa yana kan hanyar ƙarewa ko da ya yi kyau a ido. A duba kututturan gamba, wadda ba ta mutuwa da rani, ko suna ƙaruwa ko suna raguwa. A duba ko fako yana faɗaɗa, ko saiwoyin itatuwa sun fara fitowa fili saboda zaizayar ƙasa, ko garmani da tafasa da tumfafiya suna karɓe wurin gadagi da kyasuwa. Sandar awo za ta nuna tsawon ciyawa ba tare da kintace ba. A yi hattara da gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya yi sabo da rani: wanda bai san halinsa ba zai gan shi tsirara a hoton Satumba ya rubuta shi cikin matattu.

Kafin a rubuta rahoto, a buga zagayen shekarun a manyan takardu, a kai su wurin makiyayan da ke kiwo a wurin, a shimfiɗa a tabarma a bar su su yi bayani. Su ne za su ce wannan koren da ke gabas ba abinci ba ne, wancan fili kuma ya tsiraita ne saboda rijiyar ƙauyen gaba ta lalace shekara biyu garkuna suka dawo nan. A rubuta abin da suka faɗa a littafin tashar tare da kwanan wata, a gefen adadin ruwan sama da nauyin ciyawa, a kuma bar musu kwafin hotunan a hannun arɗo da dagaci, domin ranar da aka tashi shari'ar iyakar burtali kowane ɓangare ya iya fito da nasa.